Yadda Misbahu Ya Kai Man Aduwarshi Labo

Misbahu ɗan Gidan Amumune ne, kuma tun yana ƙarami aka gane bakinshi ya fi hannunshi son aiki. Ubanshi, Malam Ishaƙu, manomin gero da gyaɗa ne, mutum shiru-shiru wanda kan yini a gona bai faɗi abin da ya wuce sallama ba. Shi ya sa mutanen gari ke cewa duk maganar da uban ya adana, ɗan ne ya zo ya kwashe. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya yi ƴan shekaru, ya fito da Faransanci ɗan kaɗan, wanda bai isa neman aiki ba amma ya isa tsorata tsofaffi.

Ya gwada noma, ya ce ƙugunshi ba ya son duƙo, alhali a ƙasarsu da hauyar tsaye ake noma, ba mai duƙawa. Daga nan ya samu moto ya shiga kabu-kabu. Fasinjoji sun so shi, don in ka hau bayanshi ba ka sanin tsawon hanyar Mayahi. Aibinshi ɗaya: ba ya iya ba mutum labari bai kalli fuskarshi ba. Wata rana ya waiwayo don ya ƙarasa wa wani ɗan kasuwa labarin wata rigimar gado, sai ga amalanken shanu a gabanshi. Ɗan kasuwar ya tashi ya kakkaɓe rigarshi, shanun ko gezau, Misbahu kuwa ƙafa ta karye.

A kwanciyar da ya yi a asibiti ne ya ga abin da ya sauya mashi rayuwa. Ya lura duk wanda ya shigo ɗakin da farar riga, in ya buɗe baki ba mai katse shi. Ko mai shara ne, in dai rigar fara ce, sai ka ga dattijo ya gyara zama yana gyaɗa kai. Misbahu, wanda tun da aka haife shi ake ce mashi ya yi shiru, ya kwanta yana kallon wannan abu yana haɗiyar yawu.

Matarshi Barira ƴar Issawane ce, mace mai ƙarfin hannu da ƙarancin magana. A lokacin wani furoje na masu ba da tallafi ya zo ya koya wa ƙungiyar matan garin yadda ake fitar da mai daga ƙwallon aduwa. Aiki ne mai cin rai. A tsinto ƙwallon a daji, a fasa shi da dutse ɗaya bayan ɗaya, a tafasa ƙwayar ta rage ɗaci, a shanya, a niƙa, sannan a matse. Furojen ya ɗauki hotuna, ya raba huluna, ya tafi. Man ya zauna cikin bido, irin jarkar nan ta roba, ba mai saye, don mutane sun ce man gyaɗa suka sani.

Da aka dawo da Misbahu gida, Barira ta riƙa shafa mashi man a ƙafa don fatar ta daina tsagewa. Ƙashi ya haɗe a lokacin da ƙashi ke haɗewa. Ranar da ya fara takawa ba sanda, ya tsaya tsakar gida ya dubi bidon, ya dubi ƙafarshi.

"Barira, kin san abin da kike ajiye da shi a ɗakin nan?"

"Man aduwa."

"Magani ne! Dubi ƙafata."

"Baban Marwa, likita ya ɗaure ta, Allah ya warkar. Ni shafawa kawai na yi."

Bai saurare ta ba. Ya je Tasawa ya sayo farar riga a wurin ƴan gwanjo, da ƴar lasifika mai batir, ya bi gida-gida yana tattara kwalaben maganin tari da aka shanye. Kasuwar Mayahi ta gaba, sai ga Misbahu a kan tabarma da farar riga, kwalabe jere a gabanshi.

Da farko ciwon ƙashi kawai man yake warkarwa. Kafin kaka ta zagayo ya koyi maganin sanyi, da basir, da ciwon baya. Shekara ta biyu ya ƙara da furfura, da mantuwa, da faɗuwar gaba, da nauyin baki wurin neman aure. Duk cutar da mai saye ya ambata, Misbahu kan ce ai dama ita man ya fi iyawa. Kuma a rediyo ya tsinci wata magana kan labo, wato ɗakin gwaji, da ta yi mashi daɗi a baki, ya mai da ita ƙarshen kowane kirari: "An gwada shi a labo!"

Wani tsoho ya taɓa tambayarshi, "Wane Labon? Na Tasawa mai ɗori, ko Labo ɗan Isma'ila?"

Misbahu ya ce, "Baba, wanga Labon ya fi su duka. Shi ba ya fita waje."

Tsohon ya gamsu, ya sayi kwalba.

Kasuwa ta buɗe fiye da yadda hannun mata ke iyawa. Aduwa da lokacinta, fasa ƙwallo kuwa ba ya son gaggawa. Barira ta ce ya dakata sai an tara wani. Misbahu ya ga bai dace marasa lafiya su jira itace ba. Ya sayo jarkar man auduga a wani kanti, ya riƙa laɓewa bayan rumbu yana haɗawa, yana ɗiga turare kaɗan don ƙamshi. Da farko man auduga ne baƙo a cikin kwalbar, daga baya aduwa ce ta zama baƙuwa. Kwalaben kuma kullum suna bayan moto, daga Gidan Amumune zuwa Issawane, daga can zuwa El Allassane Maireyrey, rana na dafa su, waɗanda ba su fita ba su kwana su sake bin wata kasuwa.

Barira ta shinshina wata kwalba ta ce, "Wanga ba man da na matse ba ne. Har ya fara wari."

"Ƙarfin magani ne ke fitowa," in ji shi.

Haka aka yi shekaru, har Rayyanu ya bayyana. Rayyanu ɗan Tasawa ne, matashi mai gyaran gemu, shi ma man aduwa yake sayarwa, amma lasifikarshi ta ninka ta Misbahu, kuma yana da abin da Misbahu ba shi da shi: babban hoto a cikin gilashi, ga shi tsaye ya dafa madubin likita na duba jini. Ya kafa tabarmarshi daidai inda muryoyinsu za su yi karo. Wata ranar kasuwa, Misbahu na rufe baki daga faɗin "an gwada shi a labo", sai Rayyanu ya juyo da lasifika.

"Yaya Misbahu, don Allah taimaki jama'a. Labon da ka je, ƙofarshi gabas take kallo ko yamma?"

Misbahu ya ce, "Gabas."

"A wane gari?"

Karo na farko a rayuwarshi magana ta maƙale mashi. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ranar ya koma gida da kwalabenshi kusan yadda ya fito da su, ya ƙi cin tuwo, ya zauna yana kallon bango. Can ya tuna da Samira.

Samira ɗiyar yayarshi A'ishatu ce. Ta yi karatun sinadarai, tana aiki a wani ɗakin gwajin kayan abinci a Maraɗi. Shekaru Misbahu na gaya wa mutane likita ce, ita kuma tana gyara mashi, bai taɓa tambayar mene ne aikin nata ba. Ya buga mata waya. Ta ce ya zo a kan gaɓa, suna da ɗalibai masu koyon aiki, ana neman man kasuwa da za su gwada hannu a kai, shugabansu ma zai yi murna.

Ya shirya kwalba biyu: tashi, da ta Rayyanu wadda ya aiki maƙwabci ya sayo a ɓoye. Yana ɗaure kaya Barira ta miƙo ta uku, sabon mai da ta matse cikin makon.

"Ka kai ma Samira tsaraba, ta yi miya."

Da hantsi ya isa ƙofar ma'aikatar cikin farar rigarshi, an wanke ta an goge. Maigadi ya ƙame mashi. Misbahu ya ɗaga hannu a hankali, yadda ya ga manya na yi. Samira ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, sannan idonta ya sauka a kan rubutun da aka ɗinka a aljihun rigar.

"Kawu, ka san wannan rigar masu gasa burodi ce?"

"Ɗiyata, fari duk fari ne. Mu shiga."

Ɗakin ya ba shi mamaki. Ya zaci zai ga gadaje da marasa lafiya ana ba su mai suna miƙewa. Sai ya tarar da dogayen tebura, da kwalabe iri-iri, wasu masu dogon wuya, wasu masu tumbi, ga sanyin na'ura na ratsa ƙashi, ga wani wari kamar na asibiti. Ɗaliban suka gaishe shi. Ya ajiye kwalabenshi, ya yi gyaran murya.

"To, ku sa a na'ura. Ina son ta fito da sunayen cututtukan da yake kashewa, a jere, ku buga mani hatimi."

Samira ta ce, "Kawu, na'urorinmu ba su san cuta ba. Abin da ke cikin mai kawai suke faɗi: mene ne a ciki, yaya yawanshi, ya lalace ko bai lalace ba, an haɗa shi da wani ko ba a haɗa ba."

Kalmar ƙarshen ta ɗan taɓa shi, amma ya tuna kwalbar Rayyanu, ya ji sanyi. Ta ɗauki tsarabar Barira ma ta jera, ta ce tunda ta zo ita ma a duba ta.

Aka fara da gwajin lalacewa. Wata ɗaliba ta auna ɗan mai a kan sikeli mai murfin gilashi, ta zuba mashi wani farin ruwa, ta kaɗa.

"Mi ke nan?"

Samira ta ce, "Alkol ne, Kawu, don man ya narke."

Misbahu ya ja da baya. "Giya? A cikin maganina?"

"Irin wanda ake goge wurin allura da shi. Ba wanda zai sha."

Ta ɗiga wani ruwa kuma, ba abin da ya sauya. Sannan ta kai kwalbar ƙarƙashin wani dogon bututun gilashi mai layi-layi da ƴar famfo a gindi, ta riƙa sakin ruwan ciki ɗigo-ɗigo tana juya kwalbar. Samira ta yi bayani: in mai ya tsufa ko rana ta dafa shi, yana warwarewa, wani tsami ya fito a cikinshi. Ruwan bututun yana kashe tsamin. Da zarar ya kashe shi duka, kwalbar za ta koma ruwan hoda. Mai mai kyau, ɗigo kaɗan ya ishe shi.

Na Barira, kafin Misbahu ya gyara tsayuwa ya koma ruwan hoda. Na Rayyanu ya ɗan ja lokaci. Da aka zo kan na Misbahu, ɗalibar ta ɗiga, ta ɗiga, ta ɗiga. Launin ya leƙo ya ɓace, ya leƙo ya ɓace. Ruwan bututun ya yi ƙasa sosai. Ɗaliban suka fara kallon juna. Misbahu kuwa ƙirjinshi sai ƙara fitowa yake.

"Kun gani? Na Barira daga taɓawa ya sallama. Nawa kuwa namiji ne, ya ƙi ba da kai!"

"Kawu, ya lalace ne."

"Ke dai faɗi gaskiya, ya wahalar da ku."

Gwaji na biyu shi ne wanda ya zo dominshi. Samira ta ce akwai wani abu a man auduga da babu shi a man aduwa, kuma ba ya ɓoyuwa. Aka zuba kowane mai a siririyar kwalba, aka ƙara wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a cikin wani akwatin gilashi mai zuƙe iska, aka tsoma kwalaben a ruwan zafi. Ta ce wanda ke da auduga zai yi ja.

Suka tsaya suna kallo. Na Barira ya zauna da launinshi. Na Rayyanu ya fara sauyawa, ya yi ja-ja. Misbahu ya daka tsalle, ya manta da ƙafa.

"Allahu akbar! Maha'inci! Yana cutar bayin Allah da man auduga! Ku rubuta, ku rubuta da babban baƙi!"

Ɗaliban kuwa wata kwalba dabam suke kallo. Ya bi idanunsu. Kwalbarshi ta yi jawur kamar zoɓo, har ta Rayyanu ta koma kamar mai kunya a gefenta.

Misbahu ya matsa ya leƙa, ya ja baya, ya sake leƙawa.

"Ba ku sauya kwalaben ba?"

"Sunanka ne a jiki, Kawu."

"To... ɗan kaɗan ne na sa. Don laushi."

Samira ta sunkuyar da kai, don ba ta son ɗalibai su ga fuskarta. Ɗaya daga cikinsu tari ya kama shi har sai da ya fita waje.

Bayan azahar aka kai shi wurin babbar na'urar, wani farin akwati kamar firji, da allo a gefe. Tun safe an sarrafa ɗan man an tace shi, yanzu Samira ta zuƙi abin da bai kai ɗigo ba da wata siririyar allura, ta soka a saman akwatin. Ta ce a ciki akwai bututu mai tsawon gaske, siriri kamar zare, a naɗe cikin zafi, iska na tura man ta cikinshi.

"Kamar garke ne a burtali, Kawu. Duk tare suke shiga, amma awaki su riga fita, sai tumaki, manyan shanu su zo a ƙarshe. A bakin fita akwai mai tsaro, duk wanda ya wuce sai ya yi alama, in suna da yawa alamar ta yi tsawo."

Wannan ya shige shi sarai. Ya ja kujera ya zauna gaban allo. Wani layi ya riƙa tafiya a kwance, can ya yi tsalle sama ya sauko, ya ci gaba, ya sake tsalle. Na Barira aka sa. Da aka gama, tsaunuka huɗu ne manya a tsaye, biyu sun fi tsawo. Samira ta bi su da yatsa tana faɗin sunayensu: asid palmitik, asid siteyarik, asid oleyik, asid linoleyik. Ta ce su ne ginshiƙin man, kuma yadda suka jeru ya nuna man aduwa ne tsantsa, mai kyau.

Misbahu ya sa ta maimaita sunayen har ya haddace. Bai taɓa jin kalmomi masu nauyi irin waɗannan ba. Ya ji kamar an ba shi sabbin haƙora.

Da za su rabu, bayan ta ɗauke shi hoto ya dafa na'urar, ta kuma buga mashi zanen tsaunukan a takarda, Samira ta raka shi har bakin moto, ta rage murya.

"Kawu, don girman Allah kar ka ƙara ba mutane wancan su sha. Na Inna Barira mai ne mai kyau, a ci, a shafa. Ka sayar da shi a haka. Amma ba na'urar da ta ce yana maganin basir."

"Ta ce ba ya yi?"

"Ba ta ce komai ba."

"To, alhamdu lillahi."

A hanyar komawa jan kwalbar nan ya riƙa dawo mashi a ido, da tarin yaron nan. Misbahu maƙaryaci ne na kasuwa, amma ba mugu ba ne, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai saba ji ba. Yana isa gida ya kai jarkar auduga kicin ya ce a yi tuya da ita. Tsofaffin kwalaben ya tara su a buhu ya jefa bayan rumbu. Ya roƙi Barira ta tattaro mashi duk sabon man da matan ƙungiya ke da shi. Ta dube shi, ta tattaro mashi.

Ranar kasuwar Mayahi ya fito da sabbin kwalabe, mai tsantsa, hoto a gilashi wanda ya fi na Rayyanu girma, da takardar tsaunuka. Ya bari sai da kasuwa ta cika, ya kunna lasifika.

"Jama'a! Wanda ya tambayi ƙofar labo, ya zo ya ji: kudu take kallo! Ga ni, ga na'ura! An sa man nan a burtalin Turawa, an ga abin da ke ciki da ido. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, asid huɗu ne a cikin kowace kwalba! Palmitik! Siteyarik! Oleyik! Linoleyik!"

Ya tsaya yana jiran kabbara. Sai Nasiru, mai gyaran moto da cajin batir a bakin tasha, ya kutso gaba yana nuna wandonshi da ya huhhuje kamar rariya.

"Misbahu, asid ka ce? Irin na batir, wanda ya cinye mani wando?"

Da Misbahu ya tsaya ya yi tunani, da ya tsira. Amma bai taɓa barin wani ya fi shi a magana ba.

"Na batir ai guda ne tak. Nawa huɗu!"

Wata mata ta dafe ciki ta ƙwala salati, ta ce shekara biyu tana sha da safe. Wani dattijo ya ce dama tun bara yake jin ƙirjinshi na ci da wuta. Wani makiyayi ya ɗaga sanda ya ce saniyarshi ya ɗura wa, kuma ga shi ta daina nono. Waɗanda suka saya da safen suka fara ajiye kwalabe a ƙasa a hankali suna goge hannu da rairayi. Daga can gefe muryar Rayyanu ta tashi, cike da jin daɗi.

"A matso nan, a matso! Namu ba asid ko ɗigo! An tace, an cire!"

"Ƙarya yake!" Misbahu ya yi ihu. "Nashi ma akwai, har da auduga!"

Hayaniyar ta jawo dubagari, wani natsattsen mutum mai tabarau. Ya karɓi takardar ya karanta a tsanake, ya yi murmushi, ya karɓi lasifikar don ya kwantar da hankalin jama'a. Ya ce kowa ya natsu, wannan asid ɗin ba na batir ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya ce duk wani mai na duniya da shi aka gina shi, man gyaɗa, man riɗi, man shanu, har man da ake toya ƙosai da shi yanzu haka a kasuwar nan.

Jama'a suka juya gaba ɗaya suka dubi layin masu tuya. Wani yaro da ke cin ƙosai ya tofar. Cikin ɗan lokaci ba kowa a gaban masu ƙosai, da masu ƙuli-ƙuli, da masu man gyaɗa. Mahauta ma aka fara tambayarsu ko kitse na ciki.

Biba mai ƙosai, wadda ta fi shekara ashirin a wannan rumfa ba a taɓa mayar mata da ƙosai ba, ta miƙe da matsami a hannu. Sauran matan suka bi bayanta. Ba su nufi dubagari ba, don shi hukuma ne, Misbahu suka nufa. Mutanen da suka ga abin sun ce ba su taɓa sanin mai tsohuwar karaya na iya irin wannan gudu ba. A nan ya bar tabarma, da hoto, da takalmi ɗaya. Sarkin kasuwa ya aiko mashi har gida cewa ya huta da lasifika sai an neme shi. Har yau ba a neme shi ba.

Ya kwana biyu bai fita ba. Abin da ya fi ci mashi rai, kamar yadda ya riƙa gaya wa Barira, shi ne shekarun da ya yi yana sayar da ruɓaɓɓen man auduga ana sa mashi albarka, ranar da ya kawo mai na gaskiya ya faɗi abin da ke ciki, ranar aka bi shi da matsami.

Barira ta ce, "Da ka ce man aduwa ne, ka yi shiru."

"Shiru kuma? A kasuwa?"

Ita ce ta buga wa Samira waya ta tambayi yadda za a yi da buhun tsofaffin kwalaben. Samira ta ce man da ya lalace ba a ci, amma yana yin sabulu in an haɗa shi da soda, ta kwatanta mata awon. Matan ƙungiya suka gwada, sabulun ya yi kumfa, ya shiga gari. Bayan wani lokaci Samira ta haɗa su da wata mata a Maraɗi mai yin man shafawa, wadda ke son man aduwa tsantsa in dai za a riƙa gwada shi kafin ta karɓa. Aka rasa wanda zai riƙa kai kayan. Matan suka yi shawara, suka ce Misbahu na da moto kuma ya san ƙofar. Sharaɗinsu biyu: ya lulluɓe bidon da jiƙaƙƙen buhu kar rana ta taɓa, kuma in ya isa wurin mai saye ya yi sallama, ya sauke, ya fito.

Aikin da yake yi ke nan har yanzu. Gemunshi ya yi fari, man bai hana ba. Ba ya sayar da magani, amma ya ba kanshi muƙamin wakilin labo na Gidan Amumune da kewaye, kuma mutane sun karɓa. Duk ranar da zai tafi Maraɗi sai ya tarar da masu jira a ƙofar gida. Wani ya kawo ruwan rijiya, wani nonon akuyar da yake zargin an yi wa baki, wani magidanci ma ya taɓa kawo miyar gidanshi a gwangwani, a duba mashi ko ana rage nama. Ruwan rijiya Samira kan karɓa. Sauran takan haɗa shi da Allah ya mayar.

Kwanan baya wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye kusa da Issawane, ta kwance bakin zane ta fito da ƴar kwalba mai baƙin ruwa. Ta ce wani boka ya ba ta, ta riƙa yayyafawa a ƙofar ɗaki, ɗanta da ya tafi Libiya ya daina kira zai dawo. Tana son a sa a na'ura a gani ko yana da ƙarfi, ko ta nemi wani.

Misbahu ya karɓi kwalbar ya jujjuya. Amsoshi sun zo mashi a baki, masu daɗi, iri-iri. Ya dubi tsohuwar. Ya mayar mata.

"Inna, na'urar ba ta san wanga ba. Abin da ke cikin kwalba kawai take gani. Ki ba ni sunan yaron da garin da ya sauka, in tambayi direbobin Agadas a tasha."

Tsohuwar ta ba shi sunan, amma ranta bai so ba. Ta ƙulle kwalbarta tana gunaguni, ta ce dama an gaya mata ilimin nashi ya ragu tun da ya tsufa. Ranar kasuwa ta kai wa Rayyanu. Rayyanu ya ɗaga kwalbar ya kalli rana ta cikinta, ya girgiza, ya kara a kunne, ya ce maganin na da kyau ƙwarai, sai dai yana buƙatar a haɗa shi da man aduwa marar asid. Ta sayi kwalba biyu.

Da labarin ya iso, Misbahu ya shiga gida yana huci, ya tarar da Barira na fasa ƙwallo a gindin turmi. Ya zayyana mata komai, ya ce a duba irin wannan rashin tsoron Allah.

Barira ba ta ɗago ba. Ta tura mashi dutse da ƙafa, ta matsa mashi wuri a kan tabarma.

"Zauna ka kama mani. Da baki kake ba da labari, hannunka ba abin da yake yi."